Masu Cewa "Ai An Gane", Ku Zo Ku Ga Inda Ƙanƙara Ta Rabu Biyu



Akwai wata magana da ta zame mana garkuwa a wannan zaure. Duk wanda aka yi wa gyara, aka ce ya rubuta "kasa" alhali "ƙasa" yake nufi, ko ya bar "baki" a inda ya kamata a ga "baƙi", amsarsa ɗaya ce: ai an gane. Wasu ma har da ɗorawa da cewa masu gyaran 'yan ƙaƙale ne, ba su iya ƙirƙirar labari ba sai tsintar kuskuren na wasu. To makon nan da masu wannan magana nake. Ba zan kawo muku hujjar martabar harshe ba, don na lura ta daina ratsa ku. Cikin rumbun bayanai na kwamfuta zan shiga da ku, wato fannin da na yi difloma a kai, ku ga abin da "ai an gane" take iya yi wa mutumin Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa wanda bai taɓa karanta littafin ɗayanmu ba.

Mu da muka fito daga wannan yanki mun san nauyin lissafi. Daren 11 ga Disamba 2020 aka kwashe ɗalibai daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. Gwamnan lokacin, Aminu Bello Masari, ya ce yara 333 ne ba a gani ba. Mai magana da yawun shugaban ƙasa ya ce goma ne, daga baya ya nemi afuwa. Ranar 17 ga watan da aka sako su, 344 aka ƙirga. Tsakanin 333 da 344 akwai yara goma sha ɗaya, kowannensu da uwarsa. Ban ce kuskuren rubutu ne ya jawo wannan ba, ruɗanin wannan dare ya isa ya rikita kowane lissafi. Na kawo shi ne don kada wani ya ɗauka maganar rajista maganar 'yan ofis ce kawai. A ƙasar da ake tashin ƙauye guda cikin dare, wanda sunansa bai shiga takarda daidai ba, wajen rabon hatsi da tabarma da gidan sauro tamkar ba a haife shi ba ne.

Yau ba a littafi mai bangon kwali ake wannan rajista ba. Da waya ake zagayawa, a tambayi mutum sunansa da garinsu da yawan iyalinsa, a danna, bayanin ya tafi rumbu. Ɗaya daga cikin manhajojin da aka fi amfani da su wajen gina irin wannan rumbu a duniya ita ce PostgreSQL, kyauta ce, shi ya sa ƙananan ƙungiyoyi da ɗalibai ke son ta. A cikinta bayanai a tebur suke zama, kamar dai shafin rajistar makaranta: kowane mutum layi ɗaya, kowane layi da gurbin suna, gurbin gari, gurbin kwanan wata. Idan layuka suka kai miliyoyi, tebur ɗaya yakan yi nauyi, neman abu a cikinsa ya zama neman allura a rumbun gero. Sai a raba shi. A bar uwar tebur a sama, a yi mata 'ya'ya, kowace ƙaramar hukuma da nata, wani lokaci ma kowane wata da nasa. Jihar Katsina tana da ƙananan hukumomi 34 da mazaɓu 361. Ka ninka 34 sau goma sha biyu ka ga 'ya'ya nawa uwa ɗaya za ta haifa a shekara.

Sauran tambaya: idan sabon layi ya iso, wa zai kai shi teburin da ya dace? A tsohon tsari, wanda har yanzu yake aiki a wurare da yawa, ana ɗana wa uwar tebur wani ɗan umarni da ake kira tiriga. Kunamar bindiga ke nan a Hausarmu, kuma sunan ya dace, domin ba a kiran ta, taɓa ta ake yi ta tashi. Duk layin da ya doso ƙofa, kafin ya shiga, kunama za ta tashi ta tare shi.

Ku ɗauke ta kamar ɗan kamasho a tashar Funtuwa. Fasinja ya zo, ya ce ina za ka, ya nuna masa mota. Sai dai babu mai son ya zauna ya rubuta wa kunama sharaɗi ɗari huɗu, "in Faskari ce a watan ɗaya kai shi nan, in Faskari ce a watan biyu kai shi can." Abin da masu haɗa manhaja ke yi shi ne su ce da ita: ɗauki abin da aka rubuta a gurbin gari, ki manna shi da kwanan wata, abin da ya fito shi ne sunan teburin. Layin da ya zo da Faskari a watan Yunin 2024 sai ya haifar da suna kamar rajista_faskari_2024_06. Ba a san sunan teburin ba sai a daidai lokacin da layin ya iso. Shi ya sa umarni na yau da kullum ba ya iya wannan aiki, domin shi yana so ya san teburinsa tun kafin a fara. Dole a harhaɗa umarnin a matsayin jimla, sannan a ce wa manhajar ta zartar da jimlar. Zuciyar abin layi biyu ne:

EXECUTE format('INSERT INTO %I SELECT ($1).*', sunan_tebur) USING NEW;
RETURN NULL;

Kada wanda bai karanta kwamfuta ba ya tsorata. NEW shi ne fasinjan, wato sabon layin. Ba a iya ambatonsa kai tsaye a cikin jimlar da aka harhaɗa, domin a can ciki ba a san shi ba, sai an miƙa shi ta gefe, kuma a nan ne yawancin masu koyo ke kwana suna neman abin da ya hana kunamarsu tashi. Alamar %I ita ce ke naɗe sunan teburin a cikin alamun zance, don duk abin da ke cikinsa a ɗauke shi suna. Layi na biyu kuwa cewa yake: na riga na sa fasinja a mota, kada a sake zaunar da shi a uwar tebur.

Yanzu ku riƙe abu ɗaya. Wannan ɗan kamasho ba ya jin Hausa. Haruffa yake ƙirgawa. A tsarin Unicode da wayoyinmu ke amfani da shi, kowane harafi lambarsa daban. K tana da tata, Ƙ tana da tata, kuma a idon kwamfuta nisan da ke tsakaninsu bai fi na K da Z kusa ba. Yarinya ta shiga sansani da waya ta rubuta Ƙanƙara. Abokin aikinta a ɗaya layin ya rubuta Kankara. Na uku, mai son ya burge, ya rubuta Ƙankara, ya sa wa ta farko ƙugiya ya manta ta biyu. Gari ɗaya, sunaye uku. Idan kunamar mai tsauri ce, za ta ce babu wannan tebur, ta ƙi layin. Idan kuma irin wadda aka koya wa dabara ce, wadda in ba ta sami tebur ba sai ta ƙirƙiri sabo nan take, to ba za ta yi gardama ba. Za ta buɗe mota uku, duk masu zuwa gari ɗaya, kowace da fasinjojinta.

Jimillar jiha ba za ta canja ba, domin in ka tambayi uwar tebur takan haɗo na 'ya'yanta duka. Amma ai ba a rabo da jimillar jiha. Wani a ofis zai nemi adadin 'yan Kankara, da K irin ta takardun gwamnati, a ba shi, ya sa hannu, a loda mota daidai wannan adadi. Waɗanda yarinyar nan ta rubuta, da Hausa mai kyau, suna can a wani tebur da babu wanda ya leƙa. Akwai ma abin da ya fi wannan. A wannan tsari, dokar da ke hana a rubuta mutum sau biyu a cikin tebur ɗaya take aiki, ba ta tsallakawa zuwa na kusa da shi. Saboda haka mutum ɗaya zai iya shiga Kankara yau, gobe ya shiga Ƙanƙara, ya karɓa sau biyu, wata tsohuwa ta koma hannu wofi.

Na san abin da wani zai ce a nan, har ina jin dariyarsa: to ai ka kashe kanka, tunda mai ƙugiyar ce ta jawo matsala, a daina sa ƙugiya kowa ya huta. Zan zo gare ka. Bari in gama da hamza tukuna, don ita ce babbar annoba.

'Yankara tana cikin Faskari. 'Yargoje tana cikin Ƙanƙara. Dungun Mu'azu tana cikin Sabuwa. A yaren da ake ba rumbun bayanai umarni, wannan 'yar alama ba ado ba ce, ita ce ke buɗe zance ta rufe shi. Idan mai haɗa manhaja ya yi ganganci ya manna sunan gari a cikin umarni ba tare da ya naɗe shi ba, da zarar 'Yankara ta iso, manhajar za ta ga an buɗe zance ba a rufe ba, ta tsaya cik. In layin yana cikin jerin ɗari biyar da aka turo lokaci ɗaya, duk ɗari biyar ɗin za su dawo tare da shi. Kuma hamzar kanta ba ɗaya ba ce. Akwai miƙaƙƙiya da kibod ɗin kwamfuta ke bayarwa, akwai lanƙwasasshiya da wasu wayoyi da manhajar Word ke musanya maka ba ka sani ba, akwai wata ta uku da Unicode ta ware a matsayin harafi. Ido ba ya raba su. Abin mamaki, lanƙwasasshiyar ba ta fasa umarni, PostgreSQL tana karɓar ta kamar kowane harafi, sai ta wuce salin alin ta buɗe nata teburin. Ga 'yan uwanmu na Nijar kuma, waɗanda ke rubuta ƴ a inda muke rubuta 'y. Ga mai rubuta Yankara tsirara. Ku ƙirga da kanku.

Sai Ɗanmusa, da Ɗan Musa, da Dan-Musa. Sai Dutsin-Ma da Dutsinma. Sai Funtua da Funtuwa, Sabuwa da Sabua. Ko rata ɗaya da yatsa ya ƙara a ƙarshen suna, wadda ido ba ya gani sam, ta isa ta haifi sabon gari.

Wani abin takaici game da layi na biyun nan da na nuna muku: tunda kunama ta hana layin zama a uwar tebur, manhajar takan ba da rahoton cewa layi sifili aka shigar, ko da ya shiga lafiya. Masu aiki da irin wannan tsari sukan saba da ganin sifili har su daina kallon sa. To idan aka haɗu da wanda ya gaji da ƙorafi ya sa wa kunama umarnin ta haɗiye duk kuskuren da ta ci karo da shi ta yi shiru, ranar da layi ya ɓace da gaske ma sifilin nan za a gani. Ku tuna watan Satumbar 2021 da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Katsina, har da ukun nan namu, aka kwashe watanni. A irin wannan yanayi bayanai a waya suke taruwa, sai an sami sabis a tura su gaba ɗaya, lokacin mai rubutun ya bar ƙauyen, mutanen ma wataƙila sun watse. Babu wanda za a koma a tambaya wane gari yake nufi.

Yanzu ga mai dariya. A cire ƙugiya, ka ce. Masu haɗa manhaja da yawa sun riga ka, haka suke yi, su mayar da ƙ ta zama k, ɗ ta zama d, su share hamza. Ko wannan ma sai sun yi da hannu, domin dabarar da ake cire wa é ta Faransanci hularta ba ta aiki a kan ƙ, ita a Unicode harafi ce guda mai zaman kanta, babu abin da za a ɓalle. To a ce an yi. Me ka samu? Ka toshe ɓaraka ɗaya ka buɗe wata. Dā abu ɗaya ne yake rabuwa biyu, yanzu abu biyu ne za su narke su zama ɗaya. Fada da faɗa. Kara da ƙara. Bari da ɓari. Ƙofa da Kofa. A sunayen ƙauyuka da unguwanni da rugage, inda rabinsu daga itace da dutse da rafi aka samo su, irin wannan karo ba abin nema da fitila ba ne. Kuma raba abin da ya cakuɗe ya fi haɗa abin da ya rabu wuya nesa, domin in tebur uku ne kana iya zuba su wuri ɗaya, amma in mutanen gari biyu suka shiga tebur ɗaya da suna ɗaya, da me za ka tsince su? Cire ƙugiya kuma bai taɓa Funtua da Funtuwa ba, bai taɓa ratar Ɗan Musa ba.

Akwai hujjar da ta fi wannan ƙarfi, kuma abokaina na fannin za su kawo ta, don haka gara in kawo ta da kaina. Za su ce laifin mai haɗa manhaja ne. Bai kamata a gina sunan tebur daga abin da mutum ya buga da yatsa ba. Lamba ya kamata a yi amfani da ita, kamar yadda hukumar zaɓe ta INEC ta ba kowace jiha da ƙaramar hukuma da mazaɓa da rumfa lambarta, Katsina ita ce 20. A ba mai aiki jerin sunaye ya zaɓa, kada a bar shi ya rubuta. Za su ƙara da cewa tun fitowar PostgreSQL ta 10 a 2017 manhajar da kanta take raba layuka, babu buƙatar kunama. Duk gaskiya ne, kuma duk wanda ya manna sunan gari a umarni ba naɗi ya cancanci faɗa. Amma sabon tsarin ma haruffa yake gwadawa. In ka ce masa Kankara, Ƙanƙara ta zo, zai ce babu inda zai sa ta. Fitowa ta 11 a 2018 ta ƙara wani tebur na musamman da ake zuba duk layin da bai sami gida ba. Ɗakin shirgi ke nan, kuma kun san sau nawa ake share ɗakin shirgi a gida.

Jerin sunayen kuwa da za a ba mai aiki ya zaɓa, wa zai rubuta shi? Lamba ba ta faɗo daga sama da suna a manne ba. Dole wani ya zauna ya ce lamba kaza ita ce gari kaza, ga yadda ake rubuta shi. Na ƙananan hukumomi da mazaɓu yana nan, ko da yake da rubutun Turawa ne. Amma mutumin da aka kora ba ya cewa daga mazaɓa ya fito. Sunan ƙauyensu zai faɗa, ko unguwa, ko ruga, kuma yawancinsu babu su a kowane jeri. Sabon Gari nawa ne a kudancin Katsina? Sabon Layi nawa? Tudun Wada fa? A nan mai aiki zai koma ga yatsansa, ya rubuta yadda ya saba gani ana rubutawa. A ina ya saba gani? A Facebook. A WhatsApp. A littattafanmu da muke yankawa shafi-shafi muna turawa kullum dare. Yarinyar da aka ɗauka aikin rajista na sati biyu ba ta karanta Hausa a jami'a ba. Mu ne makarantarta. In ta karanta labari mai babi sittin wanda babu ƙugiya ko ɗaya a ciki, wanda "ya ce" da "yace" da "yache" suke zaune a shafi ɗaya, me kuke so ta ɗauka?

Abin da ke ba ni haushi shi ne ba yau aka yi wannan wahala aka gama ba. Tun 1912 Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubutun boko. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a 1939. An kafa Hukumar Harshen Hausa a 1955. An zauna a Bamako a 1966, an zauna a Yamai a 1980 don daidaita rubutun Nijeriya da Nijar. Mutanen da suke jera haruffan dalma ɗaya bayan ɗaya da hannu a Zariya ba su ce ƙugiya ta yi musu wuya ba. Mu da Gboard ke ba mu kibod ɗin Hausa kyauta, wanda saukar da shi bai kai cin data na bidiyon barkwanci ɗaya ba, mu ne muke cewa wayarmu ba ta da shi. Wani babba a harkar nan ya taɓa ce mini masu karatunsa ba su taɓa ƙorafi ba. Ta yaya za su yi ƙorafi a kan abin da shi ne ya hana su sani?

Kada kuma masu sa ƙugiya su yi saurin tafi. Wanda ke sa ta yau ya bar ta gobe, ko ya sa wa harafin farko ya manta na tsakiya, a wajen kunama ya fi wanda ba ya sawa sam ɓarna, domin shi ne ke haifar da tebur na uku da na huɗu. Haka mai cusa ƙugiya inda babu ita don a ce ya iya. Na sha ganin "ƙasuwa" da "ɗaɗi" a wannan zaure.

Ga abin da nake nema, kuma ba gasa ba ce, babu kyauta. A cikinmu akwai 'yan Ƙanƙara, akwai 'yan Faskari, akwai 'yan Sabuwa da Ɗandume da Bakori. Kowa ya ɗauki mazaɓarsa, ya jero sunayen ƙauyuka da unguwannin da ke cikinta a ƙarƙashin wannan rubutu, da ƙugiyarsu da hamzarsu, yadda mutanen wurin ke furta su. A gefen kowane suna ya sa sauran siffofin da ya taɓa gani an rubuta shi, ko a allon makaranta, ko a katin zaɓe, ko a jikin motar haya, domin mai haɗa manhaja yana buƙatar na daidai da na kuskuren duka kafin ya iya karkata su zuwa tebur ɗaya. Inda biyu suka saɓa, a je a tambayi tsoho ko tsohuwar da aka haifa a wurin, a ɗauki muryarsa. A haɗa da ƙauyukan da aka tashe su babu kowa yanzu, su ne ma a kan gaba, don mutanensu ne ke tsaye a layin rajista a Funtuwa da Malumfashi suna faɗin sunan wurin da wanda ke riƙe da wayar bai taɓa ji ba. Ni zan ɗauki nauyin tattarawa in zuba su a tebur, kuma duk wanda ya turo jerinsa babu ƙugiya zan mayar masa ya sake.